"Alheri danƙo ne": to wa yake manne wa?

Ɗan Mai Wurno: Salamu alaikum. Jiya mun kusa ɓatawa da maƙwabcina, Kirista ne ɗan Dutsen Nuba, a nan Sudan. Tun da yaƙi ya koro mutanen birnin Madani a Disamban 2023 gidansa bai rabu da baƙi ba. Na yaba masa, na ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Ya ɓata rai, wai fastonsu ya karanta musu Luka 6:35, a ba da rance ba tare da sa ran a biya ba. Wai maganarmu ta 'yan adashi ce. Ku me kuka gani?

Malamin Tsangaya: Ɗana, ladan Allah ake nufi. Mu ma muna da hadisin wanda hagunsa bai san abin da damansa ya bayar ba.

Mai Agashe: Allah gafarta Malam, ni dai duk wanda na ji ya faɗe ta, bashi yake nema a wurina.

'Yar Gadarif: Ku tsaya ku ji. A yunwar 1985, lokacin da ake kiran dawar agaji "Rigan", sunan shugaban Amurka na lokacin, habbobata, wato kakata Inna, tana takaba da yara shida. Wata Bahabashiya 'yar gudun hijira, mai zanen gicciye a goshi, take zuwa bayan isha'i ta ajiye rabin rabonta cikin ƙwarya a gindin zana. Ba sallama, ba komai. Da Inna ta kama ta wani dare, da hannu suka yi magana, ba mai jin yaren wata. Tun kafin kaka ta yi aka kwashe su zuwa wani sansani, ko sunanta Inna ba ta riƙe ba. Daga nan har ta rasu ba ta sake karɓar kuɗin godogodo, irin furar da take sayarwa, a hannun Bahabashe ba. Kishiyarta ta yi ta mita wai za ta karya jari, kuma ta karya ɗin, sau da yawa.

Ɗan Mai Wurno: Allah ya jiƙan Inna. To kin ga danƙo ya kama.

'Yar Gadarif: Ya kama wa, Yaya? Matar ba ta ga ko ludayi ɗaya ba. Wasu ne suka sha.

Mai Agashe: Shi ya sa manyanmu suka fi kowa wayo. Dama na miƙa buhu ɗaya, hagu na riƙe da waya tana ɗaukar hoto.

Baban Ikram: Buhun ma bayan an tashi a mota yake komawa.

Malamin Tsangaya: Ku bar gulma, ana maganar lahira.

Baban Ikram: Malam, ni a wurin kakana "alheri gadon barci ne" na sani. Ko shi ma adashi ne?

Mai Agashe: Ya danganta da wanda ya ari gadon. Hajiya, don Allah da gero ko da dawa Inna take dama godogodonta? Na garin Sinnar yanzu duk ruwa ne.

'Yar Gadarif: Gero mana, da nono mai kauri. Wa ya ce maka ana yi da dawa?