Buhu ɗaya a damina, buhu da rabi a kaka

Alhaji Isufu: Salamu alaikum jama'a. Jiya bayan Isha'i wani yaro ya ce mini mai cin riba a ƙofar masallaci, gaban mutane. Laifina shi ne a watan Agusta na ba wani manomi na wajen Buza buhun hatsi, muka yi zai kawo buhu da rabi in an yi kaka. Ranar da ya ɗauka buhu jikka 30 ne, wato sefa dubu 30, a kasuwar Tawa. Yanzu jikka 18. Buhu da rabi jikka 27 ke nan. Ni aka ci jikka 3. Ina nan kan bakana, wannan ba riba ba ce.

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam. Alhaji, harshenmu ne ya rikita ka. Ribar kasuwa daban, ribar da Allah Ya hana daban, mu kuma kusan suna ɗaya muke kiran su da shi. Mutum na iya faɗuwa a ta farko ya afka cikin ta biyu.

Alhaji Isufu: Hajiya, ke da ke sayar da albasa kin zama malama yau?

Hajiya Rabi: Ni dai na faɗi abin da na ji a makarantar dare. Ga Malam nan.

Malam Sani: Hajiya ta yi daidai. Alhaji, rance aka yi, kuma rance da abin da aka karɓa ake biyan sa, ba da abin da kasuwa ta ce ba. Ka ba da buhu ɗaya, mudun tiya 40, ka shardanta tiya 60. Tiya 20 ɗin nan su ne riba. Ko ka juya ka ce musaya ce, ba ka fita ba. Hadisin Ubada ɗan Samit da ke cikin Muslim ya lissafa abu shida, zinariya, azurfa, alkama, sha'ir, dabino da gishiri, ya ce daidai da daidai, hannu da hannu. Kai ka saɓa duka biyun, ga ƙari ga jinkiri.

Abdu: Gafarta Malam, babu hatsi cikin shidan nan fa. Kawu bai ba da alkama ba.

Malam Sani: Ɗana, a wajen Malikiyya ba sunan ƙwayar ake dubawa ba, dalilin ake bi: abinci ne da ake rayuwa a kansa kuma ana iya ajiye shi. Wa zai ce hatsi ba haka yake ba a Adar? Muhtasar na Halil, littafin fiƙihun Malikiyya, ma ya ambaci shinkafa da gero da dawa ɗaya bayan ɗaya. Har albasa da tafarnuwa ya sa, don da su ake gyara abinci.

Hajiya Rabi: Innalillahi! Har albasa? To ƴan Galmi sai su buɗe kunne.

Abdu: Ni abin da ban gane ba, ayar Ali Imrana cewa ta yi kada a ci riba ninki ba ninki. Rabi ai ba ninki ba ne. Kuma darajar abu tana sauka. Kawu ya sha ba mu labarin Janairun 1994, da aka wayi gari faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100. Wanda ya ba da rance a jajibirin ranar aka biya shi adadinsa cif, an yi masa adalci?

Malam Sani: Waccan ayar ta siffanta yadda Larabawa ke yi ne, in lokaci ya cika su ce ka biya ko ka ƙara. Ta Baƙara, ta 278 da 279, ita ta rufe ƙofa: ku bar abin da ya rage na riba, in kun tuba kuna da uwar dukiyarku. Ba ta ce uwar dukiya da ɗan abin shan ruwa ba. Zancen faɗuwar kuɗi kuwa malamai sun yi ta kai da komo a kansa, majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi da ta zauna a Kuwait a 1988 ta tsaya kan a biya bashi da adadinsa. Amma buhun Alhaji ba sefa ba ne. Tiya 40 na Agusta tukunya nawa suke cikawa, tiya 40 na Nuwamba ma haka.

Alhaji Isufu: To Malam, na yi ta asara ke nan don a ce ni mutumin kirki ne? Ni ma da iyali.

Malam Sani: Ba a tilasta maka rance ba. Rance taimako ne, ba sana'a ba. In ciniki kake so, sayar masa da buhun bashi, ka ce jikka 30 ko ma 33 zuwa kaka, farashi ɗaya yankakke tun ranar. Wannan ya halatta wajen jumhurun malamai. In ya makara ba ka ƙara ko dala.

Alhaji Isufu: Madalla. Sai in rubuta jikka 33, in kaka ta yi ya auno mini hatsi na jikka 33. Kusan buhu biyu ke nan. Ashe ma da sauƙi na yi masa!

Malam Sani: A'a, tsaya. Imamu Malik ya toshe wannan. Wanda ya sayar da abinci bashi ba ya karɓar abinci a madadin kuɗin daga hannun wanda yake bi, don ƙarshen abin hatsi ne ya fita hatsi ya dawo da ƙari, kuɗin suna ne kawai a takarda. Sai ya kai kasuwa ya sayar wa wani, ya kawo maka kuɗinka. Ɗaya hanyar ita ce salam: ka ba shi kuɗi a hannu yanzu, ku yanke mudu sananne da lokaci sananne, kamar yadda Annabi (SAW) ya tarar mutanen Madina na yi da ƴaƴan itace ya gindaya musu sharuɗɗa.

Mamman: Ku yi mini haƙuri, tun ɗazu ina karantawa. Ni ɗan manomi ne. Na san ranar da mahaifiyata ta kife turmi don babu abin dakawa, ga gona ta yi kore shar, hatsi ya fara fidda kai amma da sauran wata guda. Baba ya ɗaura jaki ya tafi wajen wani mai shago. A kaka ina tsaye aka kwance dammunan da ya kamata su shiga rumbu aka sussuke aka loda wa mutumin. Malam, da hanyar da kuka ce ta halatta, wanda ya ci buhu ɗaya sai ya sayar da kusan biyu kafin ya haɗa jikka 33. Da ta Alhaji buhu da rabi ne. Wace ce ta fi yanka talaka?

Abdu: Tambayar da nake ta kewaye ke nan ban iya furtawa ba.

Malam Sani: Ka taɓo inda ke da ciwo, Mamman, kuma ba zan ce lissafinka ƙarya ne ba. Bana haka ya faɗo. Amma bambancin shi ne kuɗin a yanke suke. Shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri hatsi bai sauko a kaka ba, mai jikka 33 buhu ɗaya da ɗan kai zai sayar, mai buhu da rabi kuwa dole ya auno tiya 60 daga gonar da ba ta ba da komai ba. In ya kasa, ka san abin da ake cewa: bari zuwa baɗi, su zama biyu. Haka gonaki ke barin hannun masu su. Kuma halaccin ciniki bai halatta matse mai yunwa ba. Aya ta 280 ta Baƙara na nan, a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci.

Hajiya Rabi: Mu a adashenmu jikka 5 ka zuba jikka 5 ka kwasa, shekara da shekaru ba a taɓa kai mu gaban kowa ba. Me zai hana ƴan hatsi su ware buhu ɗai-ɗai a kaka, lokacin da yake araha, a ajiye don rancen damina?

Alhaji Isufu: Wa zai riƙe mabuɗin sito? Hajiya, bar wannan zancen. Malam, mutumin zai zo ran Lahadi da amalanke. In karɓi nawa?

Malam Sani: Buhu ɗaya, tiya 40. Sauran ya koma da su.

Alhaji Isufu: Na ji, zan yi. Amma baɗi kada kowa ya turo mini ɗan'uwansa a watan Agusta. Kuma Abdu, ka gaya wa abokin nan naka, ko gaskiya gare shi ba a ƙofar masallaci ake faɗa wa sa'an ubansa ba.

Mamman: Alhaji, in kun rufe sito a Agusta, ina za su?