Faifan da aka ɗauka a gaban jama'a: wanne ne ya taɓa tsayar da ku cak?

Mai Garmaho:

Assalamu alaikum. Ina so mu haɗa abin da kowa ya ji da kunnensa game da waƙoƙin da aka ɗauka a wurin wasa, a gaban 'yan kallo, ba waɗanda aka shirya a sitidiyo ba. Bari in fara da nawa.

Na daɗe ina jin "No Woman, No Cry" ta Bob Marley ban san iri biyu ba ce. Wadda kowa ya sani, mai minti 7, an ɗauke ta ne a zauren Lyceum na Landan cikin Yulin 1975. Sai daga baya na ci karo da ta sitidiyo, wadda ta fito a 1974. Gajera ce, tana da sauri, ba aibu ko ɗaya a cikinta, amma ko kaɗan ba ta taɓa ni ba. Na koma wa ta Lyceum da dare, na sa abin ji a kunne, na kashe fitila. Ogan, wato kayan kiɗan nan mai maɓallai irin na fiyano, ta fara a hankali, kafin Marley ya buɗe baki jama'a sun riga sun ɗauki amshi, wasu ma ba su dace da muryar ba. Can kafin a yi nisa makirufo ya yi wata 'yar ƙara mai tsini, irin wadda duk mai gyaran sauti zai so ya goge. Ba a goge ba. Yanzu idan na ji waƙar har jiran wannan ƙarar nake yi, domin ita ke tuna mini cewa dare ne na gaske, da zafi, da mutane a cunkushe. To ku fa?

Baba Mai Ritaya:

Wa alaikumus salam. Yaro, ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Ni a wurina maganar ta fara kuma ta ƙare a kan Ummu Kulsum ta Masar.

Muna ɗalibai wani abokina ya ba ni aron kaset, ya ce waƙa ɗaya ce a ciki. Na ce waƙa ɗaya a kaset guda? Ita ce "Inta Umri", wadda Muhammad Abdulwahab ya yi wa kiɗa a 1964, kusan awa guda. Larabcina a lokacin bai taka kara ya karya ba, amma ban iya tashi daga wurin ba. Abin da ya kama ni shi ne yadda take riƙe baiti ɗaya. Za ta faɗe shi, jama'a su ɗauki sowa, wani can baya ya ƙwala kira yana roƙon ta maimaita. Sai makaɗa su koma baya, ta sake faɗar wannan baitin, amma ta wata hanya: ta ja wani harafi, ta sauke murya inda ɗazu ta ɗaga, ta yi ɗan jinkiri har ka ce ta manta, sannan ta faɗo daidai kan kiɗan. Sau uku, sau huɗu, wani lokaci fiye. Kalmomin ba su canza ba, ma'anar ce ke juyawa kowane zagaye. Jama'ar ne ke tura ta, ita kuma tana auna su. Da za ka cire muryoyinsu daga kaset ɗin, ba za ka gane dalilin da ya sa take maimaitawa ba.

Shekaru da yawa tana yin wasa ranar Alhamis ta farkon wata, ana watsawa kai-tsaye a rediyo daga Alƙahira, mutane a ƙasashen Larabawa su bar abin da suke yi su kewaye akwatin rediyo. Shi ya sa yawancin abin da ta bari, har ta rasu a 1975, ɗaukar gaban jama'a ne. Kuma wanda ya girma da sauraron Mamman Shata ba zai ga baƙon abu a nan ba. Shi ma idan ka sami waƙa ɗaya da aka ɗauka a wurare biyu, amshin ne kawai zai zama ɗaya, sauran kuwa wurin da mutanen da ke gabansa ne suka ba shi.

Injiniyan Sauti:

Baba, Allah ya ƙara lafiya, ka gama magana. Ni sana'ata ce haɗa sauti a wurin taro, bari in faɗi abin da na koya da wahala.

Ran da aka fara ba ni aikin ɗaukar wasa, na jona na'urata kai-tsaye da mikisa, wato na'urar da ke haɗa sautin makirufo duka ta tura wa lasifika, ina murna zan sami sauti tas. Wurin ya cika, an yi tafi har ƙasa na girgiza. Da na koma gida na kunna, gabana ya faɗi. Muryar mawaƙin na nan a gaba kamar yana cikin kabad, ganga ta yi nisa domin a wurin ba ta buƙaci lasifika sosai ba, jama'a kuwa kamar mutum biyar ne a wani ɗaki daban. Ashe abin da ke fita daga mikisa an tsara shi ne don kunnen wanda ke tsaye a zauren, ba don wanda zai ji a gida ba. Tun daga ranar nake kafa makirufo biyu suna fuskantar 'yan kallo, in ɗaga su sama kaɗan don kada mutum ɗaya mai surutu ya cinye ɗaukar. Zauren kansa kayan kiɗa ne, dole ka ɗauke shi.

Amma akwai wata gaskiya da ba kowa ke son ji ba: da yawa daga faifan da muke ƙauna an taɓa su bayan wasa. Misali faifan Johnny Cash na kurkukun Folsom a Kalifoniya, 13 ga Janairun 1968. Akwai inda ya rera baitin kisan kai aka ji fursunoni sun ɓarke da sowa. Wannan sowar daga baya aka ɗora ta. Su fursunonin suna taka tsantsan da abin da za su yi wa ihu a gaban masu gadi.

Uwar Biyu:

Haba Injiniya, ka ɓata mini rai da wannan labarin, don ina son faifan nan. To amma sanarwar da ake yi a tsakiya fa, inda ake kiran fursuna da lambarsa ana cewa ana nemansa? Ita ma ƙarawa aka yi?

Injiniyan Sauti:

A'a Hajiya, wannan ta wurin ce. Haka waƙar ƙarshe, wani fursuna da ke zaune a gabansa ne ya rubuta ta, Glen Sherley. Ban ce faifan ƙarya ba ne. Ina nufin akwai gyara, akwai kuma ha'inci, kuma tsakaninsu da tazara.

Uwar Biyu:

To na ɗan huce. Ha'incin kam na taɓa gamuwa da shi. Na sayi wani faifai an rubuta a jikinsa cewa ɗaukar wasa ce. A saurare na biyu na lura akwai wani mai fito da ke yin fito iri ɗaya sak a ƙarshen kowace waƙa, tafin ma iri ɗaya, ya tashi lokaci ɗaya ya mutu lokaci ɗaya. Waƙoƙin sitidiyo ne aka liƙa musu tafi. Na ji ciwo ƙwarai, don na riga na zauna ina ƙiyasta wurin a raina.

Wanda nake komawa gare shi kullum shi ne na Ella Fitzgerald a Berlin, 1960. Tana tsakiyar waƙar "Mack the Knife" baitocin suka ɓace mata. Ba ta tsaya ba. Ta ci gaba a kan kiɗan tana ƙirƙirar nata, tana faɗa wa jama'a cikin waƙar cewa ta manta, har ta kwaikwayi muryar Louis Armstrong. Kana jin dariya a cikin muryarta, kana jin makaɗan sun riƙe ta gam ba su bar ta ta faɗi ba. Wannan ɗaukar ce ta ci kyautar Grammy. Na taɓa kunna wa 'yata ita ran da ta dawo tana kuka don ta kakare a gaban ajinsu. Ta ji har ƙarshe, ta ce in mayar.

Direban Dare:

Ni babbar mota nake tuƙawa, yawanci da dare, kuma waƙar sitidiyo barci take sa ni. Ta gaban jama'a kuwa kamar na ɗauko mutane ne a motar.

Guda biyu ba sa barin wayata. Na farko James Brown a gidan wasa na Apollo, unguwar Harlem, 24 ga Oktoban 1962. Mai kamfaninsa, Syd Nathan, ya ƙi yarda a ɗauka, yana ganin ba mai sayen waƙoƙin da an riga an fitar. Brown ya biya da kuɗin aljihunsa, faifan ya yi mako 66 a jerin waɗanda suka fi kasuwa a Amurka. Duka-duka minti talatin da 'yan kai ne, ba numfashi tsakanin waƙa da waƙa. Sai a tsakiya ya ja birki da "Lost Someone", ya shimfiɗa ta fiye da minti 10, ya sauke makaɗa ƙasa-ƙasa har sai ka kasa kunne, yana roƙon jama'a su yi ihu idan abin ya taɓa su. Matan da ke wurin suna ba shi amsa ɗaya bayan ɗaya. Wallahi akwai daren da na faka a gefen hanya don in ji wannan wurin ba ƙarar inji.

Na biyu B.B. King a gidan yarin Cook County na Shikago, 1970. Tun kafin ya taɓa jita, mai gabatarwa ta ambaci manyan jami'an da suka halarta, fursunoni suka yi musu ihun ƙi. An bar shi a faifan. Daga nan ka san a gaban su wa yake wasa, kuma duk abin da ya kaɗa bayan haka da wannan nauyin kake jin sa.

Ɗalibar Fiyano:

Yayyena da iyayena, duk kun yi maganar jama'a masu ihu. Nawa faifan jama'arsa shiru suke yi. Keith Jarrett ne a gidan opera na Kolon a Jamus, 24 ga Janairun 1975, shi kaɗai da fiyano, ba rubutaccen kiɗa a gabansa, abin da ya zo masa yake kaɗawa. Ya iso a gajiye da ciwon baya, ya tarar an kawo masa fiyanon da ba shi ya nema ba, ƙarami, saman muryarsa siriri, ƙasan ba ƙarfi. Ya so ya fasa. Wadda ta shirya wasan, Vera Brandes, ko shekara 20 ba ta kai ba, ita ta roƙe shi ya hau. Aka fara wajen sha ɗaya da rabi na dare.

Na fahimci faifan ne ran da aka ba ni wani tsohon fiyano a ɗakin gwaji, wasu maɓallansa na maƙalewa. Na ga dole in tattara hannuwana a tsakiya, hannun hagu ya yi ta maimaita abu ɗaya da ƙarfi don ya cike gurbin da ya ɓace. Nan take na tuna abin da nake ji a faifan Kolon ke nan. Salon da mutane ke yabo, rabinsa lalurar kayan aiki ce ta haife shi. Kana jin nishinsa, kana jin ƙafarsa na dukan katako. Shirun mutum sama da dubu kuma ana jin sa, ya bambanta da shirun ɗakin da ba kowa.

Ɗan Gaskiya:

Ku yi haƙuri, ni zan ɗan saɓa. Yawancin faifan wasa ba sa burge ni. Mai ganga ya yi minti goma shi kaɗai, mawaƙi ya miƙa wa jama'a makirufo a daidai baitin da na fi so in ji daga bakinsa. Wanda ke wurin ya ji daɗi, ni da ke ɗaki an bar ni a waje. Na je wasanni da na fito ina rawar jiki, da na ji ɗaukarsu daga baya na rasa abin da ya burge ni.

Wanda na yarda da shi shi ne na Fela Kuti da mai ganga Ginger Baker, 1971. A sitidiyon Abbey Road na Landan aka ɗauka, amma an shigo da 'yan kallo kaɗan suka zauna a ciki. Sautin ya fito tsaf, ƙahonin ƙungiyarsa Africa 70 kamar a gabanka suke, kuma Fela na da waɗanda zai yi wa magana tsakanin waƙoƙi. Ina tambaya: wannan ɗaukar wasa ce ko ta sitidiyo?

Baba Mai Ritaya:

Ta wasa ce, ɗana. Yawan mutanen ba shi ne ba. In dai an danna na'ura sau ɗaya, kuma akwai idon da mawaƙin ke jin kunyar ya kasa a gabansa, to an cika sharaɗi. Kukanka na miƙa makirufo kuwa na karɓa. Ummu Kulsum ba ta taɓa barin jama'a su rera mata waƙarta a kaset ɗin da nake da su ba. Su roƙa, ita ta bayar.

Mai Garmaho:

Na gode muku duka. Jiya na nemo na Kolon na saurara har ƙarshe, yau kuma na sa "Inta Umri" ina lissafa sau nawa ta koma kan baiti ɗaya, lissafin ya ɓace mini a tsakiya.

Akwai ɗaya da ba wanda ya ambata, ina so Direba musamman ya nema. Sam Cooke a kulob ɗin Harlem Square na Miami, Janairun 1963. Kamfaninsa ya ɗauki wasan, da suka saurara suka ga muryar ta yi kaushi, wurin ya yi hayaniya, bai dace da mawaƙin nan mai laushi da suke tallatawa ba. Suka ajiye faifan a ma'aji. Cooke ya rasu a Disambar 1964, faifan bai fito ba sai 1985. Idan ka sa shi, ka kasa kunne wajen ƙarshe, inda muryarsa ta fara dishewa, jama'a suka karɓe amshin, shi kuma yana ta ce musu kada su daina. Injiniya, kai kuma ina so ka ji shi ka gaya mana ko an taɓa tafin.