Musayar waƙa: matan aljanu a tatsuniyoyin Japan, laifin wa?

Mai Gurmi:
Salamu alaikum. Ga nawa a kan matar gauraka, mai amsa ya amsa.

A Japan talaka ya tsinci gauraka a tarko,
Ya kwance ta ta tashi, nan ne farko.
Dare ya yi, ga budurwa a ƙofa kamar baƙo,
Ta ce ka aure ni, amma riƙe wannan saƙo:
In na shiga saƙa, kada ka leƙo.

Ya leƙa, sai ga tsuntsuwa tana tsige gashinta,
Tufar da yake kaiwa kasuwa ashe daga jikinta.
Ta ce tunda ka gan ni ba zama, ta kama hanyarta.
Ni kam na ce ta cika fushi, leƙe ɗaya ya kore ta?

'Yar Damagaram:
Haba Yaya, tana ramewa kullum, ko a jikinshi,
Kuɗin tufa kawai ya sani. Ga wani ma irinshi:
Yuki-onna, aljanar ƙanƙara, ta kashe tsoho da numfashi,
Ta ce da saurayi Minokichi na bar ka, amma shirunka bashi.
Ta dawo a mace, 'ya'ya goma ta haifa, ta riƙe shi,
Dare ɗaya baki ya suɓuce, ya ba ta labarin, ka ji shi!
Albarkacin 'ya'yan ta bar shi da rai, ta zama hazo ta rabu da shi.

Baffa Mai Carbi:
Ku sassauta 'ya'yana, ga Kuzunoha farar yanyawa,
Yasuna ya ƙwace ta hannun maharba, aure ya biyo da shaƙuwa.
Ba mijin ya tona ba, tana kallon furanni ta yi mantuwa,
Ɗanta ya hango wutsiya, ba sauran zama sai rabuwa.
Ta rubuta a jikin ƙyaure: dajin Shinoda, in kun ji kewa.

Yaron nan shi ake cewa Abe no Seimei, mai duban taurari na fadar Kyoto. Shi kam ya rayu da gaske, ya rasu a 1005. Zancen uwar ne tatsuniya.

Mai Gurmi:
Baffa ya wanke mu, ƙanwata, kin dai ji,
A nan babu leƙe, babu surutun miji.

'Yar Damagaram:
Na ji, Yaya, amma amsa min kafin ka shige daji:
Wanda ya hango wutsiyar, mace ce ko namiji?