Zanzibar da ƙaramin guzuri: waɗanda suka je, ku ba ni shawara

Abban Nana: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara biyu ina tari, na yi wa maiɗakina alkawarin zan kai ta ta ga teku. Mun tsayar da Zanzibar, tsibirin nan na Tanzaniya, kwana bakwai a watan Afrilu, don lokacin kaɗai nake samun hutu. Babban burinta ta sa tabarau da bututun numfashin nan ta leƙa kifaye da murjani, amma ba ta iya ruwa ba ko kaɗan. Ni na ɗan iya, kuma ina sha'awar nutso da tukunyar iska. Mu sauka a Nungwi ko Paje? Wanda bai iya iyo ba zai iya leƙen? Kuɗin dai ba su da yawa.

Ɗan Kwari: Wa alaikumus salam. Ka ƙara kaɗan ku tafi Umara mana.

Maman Ilham: Ƙanena, ni ma ban iya ruwa ba, kuma na yi a gefen tsibirin Mnemba. Rigar da ke hana nutsewa suka sa mini, mai kwale-kwalen ya riƙe taya ina riƙe da ita. Da na cusa fuskata, wasu kifaye masu zanen baƙi da rawaya suka zo daf da yatsuna, numfashina nake ji a bututun kamar na mai barci. Hailala na dinga yi a zuci. Da doguwar rigata da ɗankwali na shiga, ba wanda ya kalle ni, garin Musulmi ne. Dala 25 muka biya kowa. Matar da muka kama ɗaki a gidanta a Jambiani ciyawar teku take nomawa, ta koya mini shinkafa da madarar kwakwa, na koya mata yajin ƙuli. Tana cewa "habari", na ce ai labari ne. Har yau muna gaisawa duk Juma'a.

Sadiku Fagge: Dala 25? Ni 60 aka karɓa a hannuna, Hajiya.

Maman Ilham: Ta otal ka bi. Mu da masunta muka yi ciniki a bakin ruwa.

Alhaji Baffa: Ku bar maganar kifi. Yaro, biza ka fara nema. Wani ejan a garin nan ya rantse mini cewa a filin jirgi ake bugawa. Na sayi tikiti biyu, na biya ɗaki, muka yi sallama da dangi, Hajiya har da dambun nama ta yi na guzuri. Ranar tafiya aka ce ba za mu hau ba. Ashe ɗan Najeriya sai ya nema tun daga gida, a tura takardunsa hukumar shige da fice ta Tanzaniya ta amince, abin da kan ɗauki makonni. Muka dawo da akwatunanmu a Adaidaita, maƙwabta na leƙe. Na je ofishin ejan sau tara, yau ya tafi ta'aziyya, gobe wayarsa a kashe. Ba kuɗin ne suka fi ci mini rai ba, kukan da Hajiya ta yi a hanya ne.

Abban Nana: Subhanallahi. Allah ya mayar da alheri, Alhaji. To batun Nungwi da Pajen fa?

Malam Habu: Paje ruwa na janyewa nesa, sai ka yi tafiya kafin ka same shi, kuma akwai wata halitta mai ƙaya kamar bushiya, a sa takalmi. Nungwi ana wanka kusan kowane lokaci. Amma Afrilu tsakiyar damunarsu ce, daga Maris zuwa Mayu. Ɗaki na araha, ruwa kan gurɓace. Ka tanadi katin rigakafin cutar shawara, da dala 44 kowannenku na inshorar da suka wajabta tun Oktoban 2024. In ka yi nutso, kada ka hau jirgin sama sai ka kwana ka wuni.

Sadiku Fagge: Malam, ka taɓa zuwa kuwa?

Malam Habu: Dar es Salaam na yi aiki shekara uku, awa biyu ne zuwa Zanzibar a jirgin ruwa.

Sadiku Fagge: Zama a Dar daban, shiga ruwa daban. Wanda ya jiƙe shi za a saurara.

Ɗan Kwari: To ku saurare ni, na jiƙe a dam ɗin Tiga, dala ko ɗaya ban canza a Wapa ba.

Alhaji Baffa: Ana dariya, amma ku tambayi kanku me ya sa koren fasfo kaɗai ake warewa gefe. Ƙasar Afirka ce fa, 'yar uwarmu.

Maman Ilham: Wallahi Alhaji, a hanyar dawowa mu huɗu aka tsayar, duk 'yan Najeriya, aka zazzage jakata har kanumfarin tsarabata ya watse a ƙasa, ni kaɗai na durƙusa ina tsincewa.

Abban Nana: Yaya, bizar taku sati nawa ta ɗauka?

Sadiku Fagge: Ni a wata ƙasar har takalmi aka sa na cire sau biyu. Bari na sauka daga mota na ba ku labarin.