Wai farantin ƙarfe ne maganin gogar bamba?

Nura Gesse: Salamu alaikum jama'a. Ni fa maganata ɗaya ce, mai ja ya fito. Duk motar da aka saukar ƙasa in dai a Birnin Kebbi za ta yi yawo to ba abin da zai ceci bambarta sai farantin ƙarfe, a kai wa mai walda ya yanko mai kauri ya ɗaure shi tun daga leɓen bamba har ƙarƙashin inji, in ta gogi bamp, wato tudun rage gudu, ƙarfen ya sha wahala ba roba ba. A kan Toyota 86 ɗina nake magana, wanda ya sayar min ya riga ya sa mata gajeren sifirin, yanzu ƙasan bambar duk ya kankare fenti ya tafi, gefen dama har ya fara tsagewa.

Sadiq Badariya: Wa alaikumus salam. Ina bayanka ɗari bisa ɗari. Ku leƙa ƙarƙashin Hilux ko Land Cruiser mana, ba faranti ne a wurin ba? Masu tseren daji ma haka suke yi. In ba shi da amfani kamfani zai sa ne?

Baba Umaru Fanel Bita: Nura ɗana, kar ka yi wanga aiki. Bamba roba ta, kuma da gangan anka yi ta da roba don in ta bugi abu ta lanƙwashe ta dawo, ko ta tsage ita kaɗai ta bar sauran mota lahiya. Ranar da ka ɗaure mata ƙarhe mai kauri to bugun ba ɓacewa za shi yi ba, wuri za shi nema shi sauka, kuma mi ke bayan bamba? Lagireto, kwandensan AC, da ƙarhen da ke riƙe da su. An sha kawo min mota bamba tsaf ba ko ƙwarzane amma lagireto ya karkace ruwa na ɗiga, kunnuwan fitila sun kakkarye, da ka duƙa sai ka ga walda anka yi ƙasa. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Bamba in ta tsage ni nan zan narke ta da roba in ɗinke in shahe, kai ba ka gane wurin, amma inji in ya yi zahi ruwa ya ƙare kana tsakanin Kalgo da Jega wa za ka kira?

Sadiq Badariya: Baba ba musu nake da kai ba amma Hilux ɗin fa? ba ka amsa min ba

Baba Umaru Fanel Bita: Na Hilux jikin shasi anka ɗaure shi ba jikin bamba ba, kuma ita tana da sama da za ta rabar. Wagga ta Nura ina ta ga sama?

Injiniya Faruku: Bari in sa lissafi a ciki don maganar Baba ta fito. 86 ta fito a 2012, Toyota da Subaru suka haɗa ta, a Amurka Scion FR-S ake ce mata a lokacin. Yadda ta baro kamfani ma tsakaninta da ƙasa bai cika inci 5 ba, wajen santimita 13 ke nan ko ƙasa kaɗan. Gajeren sifirin yawanci yana cin santimita 2 da rabi zuwa 4, ka ga ka dawo wajen 9 ko 10, ba ka ɗauki kowa ba ba ka cika tanki ba. A Ingila doka ta ce tudun rage gudu kada ya haura santimita 10. Namu na cikin unguwa kuwa wa ya auna? mutanen layi ne suka haɗa kuɗi bayan mashin ya buge yaro, aka kira birkila ya zuba siminti iya ganin idonsa. Yanzu kai Nura ka zo ka ƙara faranti da kawunan noti suna leƙowa ƙasa, ka sake cinye santimita ɗaya ko fiye. Wurin da da kake wucewa da ƙyar yanzu dole ka goga, wurin da kake gogawa yanzu za ka maƙale. Farantin ba ya hana goga, ƙara ta yake.

Nura Gesse: Injiniya ai ni ban ce kar ta goga ba, cewa na yi in ta goga kar ta lalace. Ƙara ba ta dame ni ba wallahi

Injiniya Faruku: To ai kan noti in ya kama bakin kwalbati ba gogawa yake ba, tsayawa yake cak, motar kuma tana tafiya. Wani abu dole ya bi.

Alhaji Bala Rafin Atiku: Ku yara kuna ba ni mamaki. Mutum ya sa kuɗinsa ya sayi mota lafiyayya, a sauke ta ƙasa, sannan a zo ana taron yadda za a hana ta taɓa ƙasa. Mu da muka ja 504 haɗin Kaduna, tun 1975 ake haɗa Peugeot a ƙasar nan, da ita muke zuwa Argungu da Kamba da damina cike da mutane ba wanda ya taɓa zancen bamba. Nura ka nemo sifirin ɗinta na asali ka mayar, magana ta ƙare.

Nura Gesse: Haba Alhaji ranka ya daɗe, ai kyan motar ke nan. In na ɗaga ta gara in sayi Corolla in huta. Kuma ka ji yadda take kama titi a kwana kuwa?

Alhaji Bala Rafin Atiku: Wace kwana? ta shataletale?

Murtala Jega: Hhhh Alhaji ka bar yaro. Ni dai nawa ra'ayin duk ku biyun kun bar jaki kuna dukan taiki, matsalar a ƙafar direba take. Na ja Accord da anka sauke ta kuma bambarta ba ta taɓa tsagewa a hannuna ba. Abu na farko mutane na taka birki suna kan hawa bamp, alhali da ka taka birki hancin mota nutsewa yake, nauyi ya koma gaba sifirin ya danne, ka rage wa kanka sama daidai lokacin da kake buƙatarta. Ka gama birkinka tun kafin ka iso, ka saki, ka bar hancin ya taso sannan ka hau a hankali. Na biyu kar ka fuskance shi miƙe, ka karkata sitiyari taya ɗaya ta fara hawa, ita za ta ɗaga wannan kusurwar kafin leɓen bamba ya iso tsakiyar tudun, sannan ɗayar ta biyo. Wurin sauka ma haka, don da yawa ba a hawa suke gogawa ba, a sauka ne, taya ta faɗo da ƙarfi hancin ya dangwali kwalta.

Sadiq Badariya: Yaya Murtala wannan karkacewar a Ahmadu Bello Way da yamma za ka yi ta? kabu-kabu ta dama keke napep ta hagu kai kana gicciye titi kana lallaɓa taya ɗaya, kafin ka gama wani ya shige maka ƙofa, ka tsira da bamba ka rasa ƙofa. Da dare kuma fa, bamp ba fenti ba alama sai dai ka ji ƙuuu

Murtala Jega: Wannan gaskiya ne ban musa ba, na dare ba dabara sai sanin hanya. Amma wanda bai iya haƙurin ya bar mutane su wuce ba bai kamata ya ja irin wannan motar ba tun farko.

Hajiya Luba: Ku yi haƙuri in sa baki. Kuna ta zancen titi, ni a gidanmu ba titi ne ya ci bambar motar ƙanena ba, bakin get ne. An ɗaga gidan saboda ruwan damina, aka yi hawa gajere mai tsini a kan kwalbati, to safe da yamma sai ta goga, fita goga shiga goga. Birkila muka kira ya tsawaita hawan ya kwantar da shi ya cike lungun da ke tsakaninsa da titi amma ya bar wa ruwa hanya, tun ranar shiru. Nura ka fara duba ƙofar gidanku da inda kake ajiye ta wurin aiki, bamp ɗin gari jefi-jefi kake haɗuwa da shi, get kuwa kullum ne.

Nura Gesse: Anti wallahi kamar kin san gidanmu. Sai na shiga da baya take yarda

Injiniya Faruku: Shiga da baya dabara ce ta gaske ai, don bayan 86 ya fi gabanta sama kuma bai kai shi tsawo daga taya ba. Abin da ke sa hanci ya goga ba tsayin ƙasa kaɗai ba ne, har da nisan da ke tsakanin tayar gaba da ƙarshen bamba, in ya yi tsawo hancin ke riga taya isa tudu. Su kansu masu ƙera manyan motocin gudu sun san da matsalar, ba faranti suka sa ba, ɗaga hanci suka yi. Corvette ta 2020 tana da maɓalli, ka danna gaban ya tashi wajen santimita 4 cikin 'yan daƙiƙoƙi, har tana iya riƙe wurare dubu a GPS in ka iso ta ɗaga da kanta. Porsche 911 ma ana sa mata irinsa. Akwai na kasuwa da ake ɗora wa kan shokobzoba, iska ke tura shi.

Alhaji Bala Rafin Atiku: Injiniya in ya lalace wa zai gyara a Kebbi? Ƙurar hunturu kaɗai ta ishi robobinsa. Sai ka tashi da safe ka tarar mota ta durƙusa kana jiran kaya daga Legas.

Injiniya Faruku: Ban ce ya saya ba Alhaji, nuna masa nake inda masu abin suka nemi maganin.

Sanusi Mai Faci: Oga Nura wace taya ke ƙafarta yanzu?

Nura Gesse: 225/40 rim 18, haka na same ta

Sanusi Mai Faci: To ka koma 45 mana, naman tayar ya fi kauri, motar za ta ɗan tashi kuma ko rami ka faɗa rim ba ya saurin lanƙwasa. Masu 40 su ne kullum a wurina da ƙullutu a gefen taya

Injiniya Faruku: Sanusi ya yi gaskiya, 40 cikin ɗari na 225 milimita 90 ne, 45 kuma 101, ka samu santimita ɗaya da ɗoriya ke nan a duk motar. Sai dai agogon gudu zai riƙa nuna ƙasa da abin da kake yi da wajen kashi 3 da rabi cikin ɗari, kuma tunda an sauke ta tayar na iya cin fenda in ka murɗa sitiyari ya ƙure ko ka ɗauki mutane. A gwada ɗaya a gani kafin a sayi huɗu.

Baba Umaru Fanel Bita: Yanzu kunka zo wurin magana. Nura in ka kawo min ita ga abin da ni ka yi. Tsagar gehen dama a ɗinke ta tukuna tun ba ta yi tsawo ba. Sannan a samo roba mai tauri mai santsi, a yanka ƙanana a jera ƙarƙashin leɓen daidai inda ya kankare, don kankarewar da kanta ta gwada maka wurin da ke taɓawa, a nutsa kan sukuru cikin robar kar shi leƙo. Ita za ta cinye, in ta ƙare a cire a sa wata, bamba na nan. Mai son leɓen ado shi sa na roba baƙi da ke lanƙwasa, kar shi sa na fayiba, fayiba bugu ɗaya ta tarwatse. In kuma tsoronka kwanon baƙin mai na, wanga tsoro na gaskiya don in ya hwashe inji ya tai, to nan ana sa faranti, amma na alminiyam marar kauri, da noti jikin ƙarhen da ke ɗauke da inji, da ramukkan iska da ƙohwar juye mai, kuma kar shi taɓa bamba ko kaɗan.

Sadiq Badariya: Ahaa! Ashe dai an dawo kan faranti. To mi muke ta faɗa tun ɗazu Baba

Baba Umaru Fanel Bita: Ba a dawo ba. Ku bamba kunka ce, ni inji nic ce. Tsakaninsu akwai lagireto.

Sadiq Badariya: Ni dai har yanzu ban ga dalilin da zai hana a tsawaita shi ya rufe leɓen ba in dai sirara ne

Murtala Jega: Ka manta na'urar da ke tada eyabag, jakar iskar da ke buɗewa in an yi haɗari, a gaban nan take, littafin Toyota da kansa yana gargaɗi a kan ƙara ƙarfe a gaban mota. Ni ba zan yi wasa da wurin ba.

Baba Umaru Fanel Bita: Wani abu kuma Nura, ka tabbata gajeren sifirin na kamfani anka sa mata ba yankewa anka yi da giranda ba? Cire taya ka dibi bakin sifirin, in ka ga yanka ɗanye ba fenti ko ka ga shina motsi wurin zamanshi in an ɗaga mota da jak, to yanke shi anka yi, irin wanga shi ka sa mota ta yi ta tsalle tana dangwalar ƙasa ko a titi mai kyau, shokobzoba kuma ta mutu da wuri. In haka na to maganar Alhaji za ka bi ko kana so ko ba ka so.

Nura Gesse: Ban taɓa dubawa ba gaskiya, zan sa Sanusi ya cire min tayar mu gani. Na yarda da robar da gyaran get, amma farantin nan ban haƙura ba tukuna, zan tambayi mai waldan ko zai iya na alminiyam ɗin ya ɗan leƙo gaba kaɗan

Baba Umaru Fanel Bita: Motarka ta. Amma in har wuta za ta taɓa jikinta shi cire kan batir tukuna, kar ka je gyaran bamba ka dawo kana cigiyar biren bos, kwamfutar motar.