Tsugunno a kan akwati ko na ƙasa: wanne ya fi wa ɗan tseren mita 100?

Malamin Wasanni, Ringim:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina koyar da wasanni a wata sakandire ta ƙauye a ƙasar Ringim. Akwai wani yaro ɗan shekara 17 a hannuna, tun da na kama aikin nan ban ga mai ƙafarsa ba. A intahaus ɗin bara da taku huɗu ya bar na biyunsa a mita 100, kuma ko takalmi babu. Inda yake samun matsala shi ne tashi. Da an busa usur sai ka ga kamar ƙasa ta riƙe shi, ba ya buɗewa sai an ci mita 30.

Kayan aikinmu bututun ƙarfe ne da gwangwanayen fenti biyu cike da siminti. Na kai su sikelin masu sayen riɗi a kasuwa, kilo 42 suka yi. Tun bayan kaka yake saɓa shi a wuya yana tsugunno sau biyu a mako. To shekaranjiya na ga wani bidiyo a waya, ana ajiye akwati a baya, mutum ya zauna a kai da ƙarfen, ya ɗan dakata, sannan ya miƙe da ƙarfi. Na kife turmi a tsakar gida na gwada, na ji aikin a bayan cinyata har washegari. Don Allah masana, in mayar da yaron kan wannan ne, ko in bar shi a kan wanda ya saba?

Mai Ɗaga Ƙarfe, Bichi:

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya saka da alheri da kula da yaron nan. Abin da ka gani ya yi suna ne a hannun marigayi Louie Simmons, wanda ya kafa gidan ɗaga ƙarfe na Westside Barbell a garin Columbus na Amurka. Mutanensa masu gasar ɗaga nauyi ne, ba 'yan tsere ba, ka riƙe wannan.

A tsugunno na ƙasa gwiwa tana ɗan wucewa gaba, naman gaban cinya ke ɗaukar kaso mai yawa. Kuma in ka sauka ka taso nan take, nama da jijiya suna miƙewa su dawo kamar robar danƙo, su taimaka maka. Akwati yana rage wannan taimakon. Za ka tura mazaunai baya, ƙwaurinka a tsaye cak, ka zauna daƙiƙa ɗaya ko biyu, sannan ka taso da ƙarfin ƙugu da bayan cinya. Yanzu dubi yaronka a layin tashi: yana tsaye cik, gwiwar gaba a lanƙwashe kusan digiri 90, yana jiran usur. Daga tsayuwa zai fashe. Ni a ganina maganin ciwonsa ke nan.

Amma ka bar turmi, yana da tsayi kuma ɗuwawunsa ƙarami ne. Ka sa kafinta ya buga maka akwatin katako mai kauri, tsayinsa daidai inda cinyar yaron za ta kwanta sosai in ya zauna. Kada ya yi ta yi har ya galabaita. Biyu ko uku da zafi, ya huta, ya sake, kamar sau shida.

Tsohon Ɗan Tsere, Gumel:

Ƙanena na Bichi ya faɗi gaskiya a kan tashi, amma tsere ba tashi kaɗai ba ne. Na yi gudu a filin Sani Abacha na Ƙofar Mata lokacin ƙuruciya, na ga masu tashi kamar harsashi da ake kamawa a mita 70. In ɗan tsere ya kai ƙarshen gudunsa, ƙafarsa ba ta wuce kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa a ƙasa. A wannan ɗan lokacin babu zancen zama a taso, robar nan da ake cewa akwati yana ragewa ita ce dukiyarsa. Usain Bolt da ya yi daƙiƙa 9.58 a Balin a 2009 ba a san shi da saurin tashi ba, a tsakiyar fili yake cinye mutane. Namu Olusoji Fasuba kuma ya yi 9.85 a Doha a 2006, shi gajere ne mai zafin tashi. Kowa da inda Allah ya ajiye masa ƙarfinsa.

Malam, yaronka irin masu buɗewa a baya ne, kada ka taɓa masa wannan baiwar. Ka bar masa na ƙasa rana ɗaya, na akwati rana ɗaya. Sannan ina da tambaya: sau nawa yake atisayen tashin kansa? In ba ku da abin tokare ƙafa, ku haƙa ƙananan ramuka biyu, haka muka yi. Mita 10, mita 20, sau takwas, da hutu sosai a tsakani. Yaron da bai iya ajiye ƙafarsa a layi ba, ko buhun siminti biyu ya ɗaga ba zai tashi da wuri ba.

Ɗan Dambatta:

Ni gargaɗi kawai zan yi, don ni ya ci. Na taɓa yi a kan bulo biyu da na jera, na saki jiki na faɗa a kai da ƙarfe a wuya. Ji na yi kamar an soka min ƙusa a ƙasan gadon baya. Wata biyu ko ruku'u ba na iyawa sai a zaune nake salla, shukar gero ta wannan shekarar ƙannena ne suka yi min. Akwati ba ya lotsawa, nauyin duka ƙashin baya ke karɓa. A sauka a hankali kamar za a zauna a kan ƙwai, ciki a ɗaure, baya a miƙe. Kuma a samu mutum biyu a gefe, don gwangwanin siminti yana lilo.

Malamin Wasanni, Ringim:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Ɗan Dambatta, Allah ya ƙara sauƙi. Baba na Gumel, tambayarka ta kama ni, gaskiya sau ɗaya a mako muke tashi daga layi, wani makon ma babu. Na auna yaron ɗazu da tef ɗin tela, na kai wa kafinta awon. Mako biyun farko da gora kawai zai yi har ya iya zaman. Litinin akwati, Alhamis na ƙasa, ramukan kuma gobe da asuba za mu haƙa kafin iskar hunturu ta taso. Zan riƙa ɗaukar lokacinsa na mita 30 da agogon waya, in an yi wata biyu in kawo muku abin da na gani.