Arabsat da Badr: tauraro ɗaya ne aka sake wa suna?

Sani_Fagge:
Assalamu alaikum. Ina da tambaya ga masana harkar tauraron ɗan'adam. Masu saita dish na da Arabsat suke cewa, amma a risibar yanzu Badr 26E ake gani. Shin tauraro ɗaya ne aka sake wa suna? In ɗaya ne, ta yaya ya shekara arba'in a sama bai lalace ba? Kuma me ya sa a Arewa sai da babban dish ake kama shi?

Injiniya_Bala:
Wa alaikumus salam, Malam Sani. Ba tauraro ɗaya ba ne, zuri'a ce guda. Abin da bai canja ba shi ne mazaunin, wato digiri 26 gabas, kilomita 35,786 a saman layin Ikwaita. A wannan nisan tauraro yana kewaya duniya daidai da juyawarta, shi ya sa dish yake kallon wuri ɗaya.

Ƙasashen ƙungiyar Larabawa ne suka kafa hukumar Arabsat a 1976, hedikwatarta a Riyad. Sai a Fabrairun 1985 aka harba na farko, Arabsat-1A, ƙirar kamfanin Aérospatiale na Faransa, da rokar Ariane 3. A Yunin shekarar kumbon Discovery na Amurka ya saki 1B, kuma a wannan tafiyar ce Yarima Sultan bin Salman ya zama Balarabe na farko da ya je sararin samaniya. Shekara bakwai kacal aka ƙiyasta wa kowannensu. 1C ya biyo baya a 1992, daga bisani aka sayar wa Indiya a 1997 ya koma INSAT-2DT. Da na farkon suka gaji kafin a kammala magadansu, sai hukumar ta cike giɓin da tsofaffin taurarin wasu: Anik D2 na Kanada ya zama Arabsat-1D, Telstar 301 ya zama 1E.

A ganina babban sauyi a 1996 ya zo, da 2A da 2B. Su ne suka haɗa zangon Ku da zangon C, wato rukunoni biyu na firikwensin da ake aiko sigina a kansu, aka fara kallo da ƙaramin dish a ƙasashen Larabawa. 3A na 1999 kuwa Ku zalla ne. Sunan Badr daga baya aka laƙaba wa waɗanda ke zaune a 26 gabas: Badr-4 a 2006, Badr-6 a 2008, Badr-5 a 2010, Badr-7 a 2015, Badr-8 a 2023. Na 30.5 gabas da 20 gabas, irin su 5A da 5C da 6A, har yau Arabsat ake kiransu.

Hajiya_Maryam_Lantarki:
Injiniya ya yi bayani, Allah ya ƙara basira. Bari in tsaya kan abin da ke kashe su, domin nan ne amsar tambaya ta biyu.

Mai ne kan gaba. Jan rana da na wata suna karkatar da falakin tauraro kusan digiri 0.85 duk shekara. Dole a riƙa kunna ƙananan injinansa ana mai da shi, kuma wannan gyaran na arewa da kudu shi ke cinye mafi yawan man. In man ya kusa ƙarewa, ko da na'urorin lafiyarsu lau, sai a ɗaga shi kimanin kilomita 300 sama da falakin a kashe, don ya ba sabo wuri. Taurarin yanzu shekara 15 ake tsara musu.

Sai wuta. Faifan sola dole ya riƙa bin rana alhali eriya tana kallon ƙasa, don haka akwai mahaɗa mai juyawa da wutar take bi ta shiga jikin tauraron. A Disambar 2001 Arabsat-3A ya samu matsalar lantarki a ɓangaren solarsa, wuta ta ragu ƙwarai, aka kashe wasu daga cikin tiransfonda 20 ɗinsa (na'urorin da ke karɓar sigina su sake watsa ta ƙasa), aka yi ta mayar da tashoshi wasu taurarin. Mu ma a Najeriya mun ɗanɗana irinta: NigComSat-1 da aka harba a Mayun 2007 ya mutu a Nuwambar 2008 saboda matsalar sola.

Wani kuma ko mazauninsa ba ya kaiwa. A 28 ga Fabrairun 2006 rokar Proton ta tashi da Arabsat-4A daga tashar harba roka ta Baikonur, amma matakinta na sama, Briz-M, ya mutu kafin lokaci, ya bar shi a falakin da ba shi da amfani. Man da ke cikinsa ba zai kai shi ya kuma yi aiki ba, don haka a 24 ga Maris aka saukar da shi da gangan a saman tekun Pasifik. Badr-6 shi ne madadinsa, abin da ya sa ya riga Badr-5 tashi ke nan.

Mai_Dish_Sabon_Gari:
Malam Sani, batun girman dish ba nisa ba ne, haske ne. Kowane tauraro yana da yankin da aka karkata eriyarsa gare shi. Yawancin hasken Ku na Badr Gabas ta Tsakiya da Arewacin Afirka aka nufa da shi, mu a gefe muke, siginar ta raunana. 'Yan'uwanmu na Sudan sun fi mu samunsa da sauƙi. Zangon C ya fi faɗi, ya rufe Afirka sosai, amma shi ma yana son dish na mita 1.8 zuwa sama.

Daga Kano, 26 gabas yana wajen digiri 123 daga arewa, wato kudu maso gabas amma ya fi karkata gabas, ɗagawarsa kuma wajen digiri 65. In dish ɗin mai hannu a ƙasa ne, a cire kusurwar da aka ƙera shi da ita, yawanci digiri 22 zuwa 26, in ba haka ba za a wuce tauraron ta sama.

Inda aka fi kuskure shi ne saitin LNB, wato na'urar da ke gaban dish tana karɓar sigina. Lambar da ake sa wa risiba ta LNB na Ku 9750 da 10600 ce, kuma sautin 22 kHz ke sauya tsakaninsu. Na C 5150 ne. In aka sa lambar wannan a wancan, ko dish ya saitu ba abin da zai fito. Wutar volt 13 da 18 da risiba ke turawa ita ke zaɓar V (siginar tsaye) ko H (siginar kwance), don haka waya mai tsatsa ko mai tsawo da yawa takan sa tashoshin H su ɓace a bar na V. A kuma murɗa LNB a hankali ana kallon ingancin sigina, ba ƙarfinta kawai ba.

Da damina ruwa mai ƙarfi yana yanke Ku, C kuwa da wuya. A tsakiyar Maris da ƙarshen Satumba, wajen ƙarfe 11 na safe, rana takan tsaya daidai bayan tauraron, hoto ya ɗauke na 'yan mintuna kwanaki kaɗan a jere. Kada a taɓa dish, zai dawo da kansa.

Sani_Fagge:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. To in aka sauya tauraro, sai an sake saita dish?

Injiniya_Bala:
A'a. Sabon yakan zo ya zauna kusa da tsohon, cikin abin da bai wuce digiri 0.1 ba, dish ba ya bambance su. Sai a riƙa kwashe tashoshi ɗaya bayan ɗaya. Abin da kan canja shi ne lambar firikwensi ko yankin da hasken ya rufe, don haka in tasha ta ɓace a fara da sabon bincike a risiba kafin a hau rufi.